Me ya sa hasken gamma na M82 bai gangara kamar na galaksinmu ba?

Hadiza_Fizik (Yamai)

Assalamu alaikum malamai. Ina shekara ta biyu ta mastar fizik a nan Yamai, memuwar ɗina kan tafiyar ƙwayoyin kosmik ne, wato furoton da sauran ƙwayoyi masu caji da ke ratsa sararin samaniya da babban makamashi, cikin galaksi masu haihuwar taurari da yawa, na ɗauki M82 da NGC 253. Ga inda na cije. Na sa taurarin da ke fashewa suna zuba furoton da gangaren E^-2.2, wato yadda yawansu ke raguwa in makamashinsu E ya ƙaru. Na ɗauko lambar watsuwa ta galaksinmu, D = 3×10²⁸ cm²/s a makamashin 1 GeV (1,000 MeV ke nan; TeV ɗaya 1,000 GeV ne, PeV ɗaya 1,000 TeV), tana ƙaruwa da E^0.5. Kaurin yankin tsakiya na sa parsek 100. Lissafin ya ba ni hasken gamma mai gangare kusan 2.7 a babban makamashi, alhali abin da na'urorin hangen gamma Fermi da VERITAS da H.E.S.S. suka auna yana wajen 2.2 zuwa 2.3. A kod ɗina kuskuren yake, ko a tunanina? Sannan in gangaren 2.2 ne, ina da damar rubuta cewa M82 tana cinye duk furoton ɗinta?

Malam Issoufou (Tawa)

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kod ɗinki lafiya lau yake, ya yi abin da kika sa shi. Rigar galaksinmu kika sa wa M82, ita kuwa ba ta shige ta ba.

Ki aje kwamfuta tukuna, ki ɗauki biro. Furoton da ya fito daga girgizar fashewar tauraro abu uku ke rige-rige a kansa: ko ya yi karo da gas, ko ya sulale ta hanyar watsuwa, ko guguwar da ke fita daga tsakiyar galaksin ta yi gaba da shi. Kowanne da agogonsa, wanda ya fi gajarta shi ke da iko.

Agogon karo shi ya fi sauƙi. Faɗin karon furoton da furoton kusan 3×10⁻²⁶ cm² ne, kowane karo kuma yana cin kusan rabin makamashin. In kika haɗa, lokacin ya kama shekara miliyan 50 zuwa 70 a raba da n, yawan ƙwayoyin gas a santimita kubik ɗaya. A faifan galaksinmu n wajen 1 ne. A tsakiyar M82 ana maganar ɗaruruwa; ki ɗauki 250, sai ki samu shekara 200,000. Abin lura, faɗin karon nan da ƙyar yake motsi daga GeV har TeV, don haka wanga agogo bai san babba da ƙarami ba.

Na guguwa: kauri a raba da gudu. Parsek 100 santimita 3.1×10²⁰ ne, gas mai ɗumi da ake gani yana fita daga M82 da gudun kilomita 500 zuwa 600 a daƙiƙa. Raba ki gani, shekara 200,000 ce kuma. Shi ma ba ruwansa da makamashi. Kwalekwale da kara in suka faɗa kogin Isa lokacin cikowa, gudu ɗaya ruwa ke tafiya da su.

Na watsuwa shi ne mai rigima. Furoton na 1 GeV a filin maganaɗisu na mikrogaus 3 yana kewaya da'irar da rabin faɗinta kusan 10¹² cm ne, ko kashi ɗaya cikin goma na nisan rana daga duniya bai kai ba. Layin maganaɗisu yake bi, duk inda ya tarar da tangarɗa mai girman da'irarsa sai ta karkatar da shi. Tafiyar mutum ce cikin cunkoson Babbar Kasuwa ana gobe salla: gaba kaɗan, baya kaɗan. Da D ɗinki, tsawon da yake yi kafin a juya shi 3D/c ne, kusan parsek 1. Lokacin fita h²/D: 9.6×10⁴⁰ a raba da 3×10²⁸, shekara 100,000 a 1 GeV. To amma hasken gamma na 1 TeV daga furoton na kusan 10 TeV yake fitowa, tunda gamma yakan ɗauki kashi goma cikin ɗari na makamashin furoton. A can D ɗinki ya ninka sau 100, lokacin ya koma shekara 1,000. Manyan sun tsere kafin su yi karo, ƙananan sun tsaya. Ga 0.5 ɗin da ya hau kan 2.2 ɗinki.

Yanzu ki juya lissafin. In ana son gangaren ya tsaya a 2.2 har TeV, dole lokacin watsuwa a 10 TeV ya kai aƙalla shekara 200,000, wato D bai wuce 1.5×10²⁸ ba a can. Ko da kin sassauta kin sa E^(1/3), wanda shi ne abin da awon boron da kabon na AMS-02, na'urar da ke kan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya nuna a babban makamashi, sama da 65 GV, D na 1 GeV zai sauko wajen 7×10²⁶. Sau arba'in ƙasa da namu ke nan. Ba abin mamaki ba ne ga wurin da fashewar taurari ke dama gas dare da rana, filin maganaɗisu kuma ya haura mikrogaus 100.

Ki haɗa su haka, τ shi ne jimillar lokacin zaman furoton: 1/τ = 1/t_karo + 1/t_guguwa + 1/t_watsuwa, rabon da aka cinye kuma f = τ/t_karo. Da D = 10²⁷ za ki samu f wajen 0.48. Wani ƙaramin tarko ga kod: haske kansa shekara 326 yake yi kafin ya ratsa parsek 100. In t_watsuwa ya faɗi ƙasa da haka a PeV, lissafin watsuwa ya daina aiki, ki sa masa iyaka.

Dakta Mariama (Yamai)

Malam, Allah ya ƙara sani. Lissafin agogo uku ba ni da ja a kansa, amma tambayarta ta biyu ce ta fi haɗari, a nan ɗalibai suka fi zamewa.

Ƙanwata, amsar a'a ce. Gangaren 2.2 bai ba ki damar cewa an cinye duka ba. Duba abin da Malam ya rubuta: karo bai san makamashi ba, guguwa ma haka. Galaksin da ta cinye kashi 95 cikin ɗari na furoton ɗinta, da wadda guguwa ta kwashe kashi 95 ta bar 5, gangare ɗaya za su nuna miki. Abin da gangaren ya shaida kawai shi ne watsuwa mai bin makamashi ba ita ke mulki ba. Bambance sauran biyun sai da yawan hasken.

Ga yadda ake yi. Fashewar tauraro ɗaya tana ba da kusan 10⁵¹ erg na motsi, ana ɗaukar kashi goma cikin ɗari ya tafi ga ƙwayoyin kosmik, 10⁵⁰. In M82 tana fashewa 0.05 a shekara, ɗaya duk shekara 20, kin samu 1.6×10⁴¹ erg/s. Karon yana haifar da piyon, ƙwayoyi masu gajeren rai, iri uku kusan daidai wa daida. Marar caji, mai nauyin 135 MeV, shi ke rabewa gamma biyu nan take, don haka sulusi ne rabon gamma: 5×10⁴⁰. Ki rage wanda ke hannun furoton marasa ƙarfi, tunda ƙasa da kusan 280 MeV ba a haifar da piyon sam. Za ki tsaya a 3 zuwa 4×10⁴⁰. Abin da Fermi ya auna tsakanin 0.1 da 100 GeV, a nisan megaparsek 3.5 ko ɗan sama, kusan 1.5×10⁴⁰ ne. Rabon ya kama sulusi zuwa kusan rabi. Galaksinmu kuwa gammarta ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin ƙwayoyin kosmik ɗinta ba. Dalilin a fili yake: furoton na GeV yana ratsa gas kusan gram 10 a santimita murabba'i kafin ya fice, alhali sai ya ratsa wajen 55 kafin ya yi karo ɗaya.

Sai dai ki dubi ƙafafun da lissafin ya tsaya a kansu. Ki mai da fashewar 0.1 a shekara, rabon ya rabe biyu. Kashi goman nan ma ɗauka ce, ba awo ba. Kada ki rubuta f = 0.38 kamar an auna da sikelin zinariya. Ki ba da tazara, ki faɗi abin da ya buɗe ta.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne n = 250. Wannan matsakaici ne, an raba nauyin gas da faɗin wuri. Gas ɗin kuwa a dunƙule yake cikin gizagizai masu sanyi da suka mamaye ɗan wuri, mafi yawan sararin gas ne mai tsananin zafi, marar kauri, shi ne ma asalin guguwar, gudunsa ya haura kilomita 1,000 a daƙiƙa. Furoton da ya faɗa wannan hanya zai iya fita bai taɓa gajimare ko ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne kaurin gas da furoton ya gani a tafiyarsa, ba wanda na'urar awon CO, iskar kabon monoksaid da ake gano gas mai sanyi da ita, ta gani ba.

Akwai kuma agogo na huɗu da ba a sa ba, kwarara. Ƙwayoyin kosmik in suka nufi gefe ɗaya da gudun da ya wuce na igiyar Alfvén, igiyar da ke bin layin maganaɗisu cikin gas mai caji, su da kansu suke tada igiyoyin da za su riƙe su. Kulsrud da Pearce suka nuna haka tun 1969. Sai tafiyar tasu ta koma daidai gudun Alfvén, v = 2.18 km/s × B a raba da saiwar n, inda B shi ne ƙarfin filin maganaɗisu a mikrogaus. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa n na gas duka. A cikin gajimare mai sanyi, igiyoyi masu ƙanƙantar da'irar furoton ayon kaɗai suke ji, wato ƙwayoyin gas masu caji, marasa caji ba sa bin su. In ɗaya cikin 10,000 ne mai caji, n = 300 ya ba da ayon 0.03. Da B = 200, gudun ya kai kilomita 2,500 in ayon ɗin haidurojin ne, wajen 700 in kabon ne, saboda nauyinsa 12. Ki sa n duka kuwa, 25 kacal za ki samu. Bambancin ba na wasa ba ne. Kuma gogayyar ayon da marasa caji tana kashe ƙananan igiyoyin, su kuwa manyan furoton ba su da yawan da za su sake tada su, don haka wannan hoto yana hasashen gangaren zai fara karyewa can wajen TeV. Awon da ake da shi a TeV bai kai kaifin da zai yanke hukunci ba.

Hadiza_Fizik (Yamai)

Na gode Malam, na gode Anti Dakta. Na sa D = 10²⁷ da E^(1/3), gangaren ya dawo kusan 2.3. Saura biyu. Ina so in ciro ɗigon awon M82 da kaina daga bayanan Fermi maimakon in kwafa daga zane. Sannan babi na ƙarshe kan nutirino ne: zan iya danganta waɗanda IceCube, na'urar kama nutirino da ke cikin ƙanƙarar Antaktika, ta gani da irin waɗannan galaksi?

Abdoul_Razak (Yamai)

Ƴar'uwa, na Fermi zan amsa. Bayanan LAT, babbar na'urar da ke kan Fermi, a buɗe suke ga kowa, tauraron ɗan Adam ɗin yana sama tun 11 ga Yuni 2008, kayan aikin kuma Fermitools ne, Fermipy na zaune a kansu yana rage wahala. Kada ki sauke sararin sama duka, intanet ɗinmu ba za ta yafe miki ba. Ki nemi da'irar digiri 15 kewaye da M82, ki raba shekarun kashi-kashi, ki sauke da dare. Fayil ɗin matsayin tauraron ɗan Adam ɗin daban yake, kar ki manta da shi, ba a lissafin lokacin kallo sai da shi.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne dushewar idon na'urar a ƙaramin makamashi. A 100 MeV haske ɗaya yana iya bazuwa digiri 4 zuwa 5, a 1 GeV ƙasa da digiri ɗaya kaɗan, sama da 10 GeV wajen 0.1 zuwa 0.15. Tsakiyar M82 da ke fitar da gamma ba ta kai minti ɗaya na baka ba, don haka ɗigo za ki sa ta, ba ki da hanyar raba tsakiya da guguwa. A ƙasa da 300 MeV kuma hasken maƙwabta duk yana zubowa cikin nata. Ki fara daga 300 MeV ko ma 1 GeV, in komai ya zauna sai ki sauko. Matsalar ita ce tudun piyon, wato ƙusumbin da gammar piyon marar caji ke yi a zanen makamashi, wanda shi ne shaidar furoton, a ƙasan nan yake, inda awon ya fi rauni.

Ki yanke kusurwar zenit a digiri 90, in ba haka ba gefen iskar duniya, wanda shi ma karon ƙwayoyin kosmik ke haskaka shi da gamma, zai cika miki hoto. Ki sa samfurin hasken galaksinmu da na bango mai zuwa daga ko'ina, ki tabbatar samfurin bangon ya dace da rukunin bayanan da kika zaɓa. In suka saɓa, ragowar za ta fito da zobe-zobe. Majiyoyin 4FGL, katalog ɗin majiyoyin gamma na Fermi, da ke cikin digiri 3 zuwa 5 ki sake musu yawan haske, na nesa ki ɗaure su. In kika saki kowa, gtlike, manhajar da ke daidaita samfuri da awo, zai yi ta juyi bai tsaya ba. Duk ɗigon da TS ɗinsa, ma'aunin ƙarfin shaidar an ga majiya, bai kai 4 ba, iyakar sama za ki zana, ba ɗigo ba.

Mataki mai cin lokaci shi ne gtltcube, mai lissafin lokacin kallo, yakan ɗauki awoyi. Ki yi shi shekara-shekara ki haɗa da gtltsum, don in wuta ta ɗauke ko zafin Afrilu ya kashe kwamfutar, shekara ɗaya kika rasa.

Ɗigon TeV kuwa kwafa za ki yi, ba makawa. VERITAS a Arizona da H.E.S.S. a Namibiya kowanne ya zuba ido fiye da awa 100 kafin ya ga tasa a 2009, VERITAS M82, H.E.S.S. kuma NGC 253, hasken kowace bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na Crab ba, ragowar fashewar tauraron da ake gwada hasken TeV da ita.

Dakta Mariama (Yamai)

Kan nutirino, lissafin gajere ne. Piyon masu caji suna ɗauke da kashi biyu cikin uku, kashi uku cikin huɗu na nasu kuma nutirino ke tafiya da shi. Cikin abin da aka cinye ke nan rabi nutirino, sulusi gamma, sudusi elektiron da pozitiron. Bayan doguwar tafiya nau'i ukun suna daidaita, kowane nau'i ya tashi da kusan rabin makamashin gamma. Nutirino ɗaya yana ɗaukar kusan kashi 5 cikin ɗari na makamashin furoton, don haka na 100 TeV yana bukatar furoton na 2 PeV da bai tsere ba. Kin ga tambayar ta koma kan D.

Ki ɗora wannan kan hasken M82, za ki ga ya yi wa IceCube kaɗan, duk da kilomita kubik guda na ƙanƙara da idanu 5,160. NGC 253 kuma a kudu take, inda IceCube bai da kaifi. Ta KM3NeT ce, na'urar nutirino da ke Bahar Rum. Za a ce miki ai NGC 1068 fa, wadda aka sanar a 2022, ita ma tana haihuwar taurari sosai. Haka ne, amma nutirinonta ya ninka abin da gammarta ta TeV za ta yarda da shi fiye da sau goma. Majiyar tana wurin da gamma ba ya iya fita, kusa da baƙin ramin tsakiya. Kada ki sa ta a jerinki a matsayin hujja.

In kuma jimillar galaksi duka kike nufi, ga shingen. Gamma na TeV ba ya tafiya mai nisa: in ya haɗu da hasken infuraruj sai su zama elektiron da pozitiron. Na 10 TeV da hasken mikron 10 ya fi karo. Wannan yana faruwa cikin galaksin kanta in ƙurarta ta yi yawa kamar Arp 220, yana faruwa a hanya kuma. Makamashin ba ɓata yake ba, gangarowa yake zuwa GeV ya shiga bangon da Fermi ya auna, bangon nan kuwa sama da 50 GeV bilaza, galaksin da baƙin raminsu ke harbo mana haske kai tsaye, sun riga sun cinye mafi yawansa. In gangarenki 2.2 ne ko sama, kika ɗaga shi har ya biya nutirinon IceCube na ƙasa da 100 TeV, gammar da ke biye za ta fasa rufin. Ki rubuta cewa suna iya ba da wani kaso, ki nuna iyakar da lissafinki ya bayar.

Malam Issoufou (Tawa)

Dakta ta yi gaskiya kan n, na karɓa. Abu guda nake so ɗiyata ta ƙara, rediyo, don shi zai kama ta in ta yi wa B son rai. Elektiron yana fitar da sinkurotoron, hasken da yake saki in yana kewaya cikin maganaɗisu, a kusan 16 MHz × E² × B. A 1.4 GHz da B = 200, elektiron na 0.66 GeV kike gani, lokacin sanyinsa 1.25×10¹⁰ a raba da B²E, shekara 470,000. Amma birki a jikin gas, inda elektiron ke asarar makamashi in ya gifta ƙwayoyin gas, shekara miliyan 30 zuwa 40 a raba da n, ya ba da kusan 140,000. Gas ya riga maganaɗisu cin elektiron ɗin, ga hasken taurari ma yana cin nasa. Shi ya sa gangaren rediyo na irin M82 yake zama wajen 0.7 maimakon ya wuce 1. Kuma sudusin nan da Dakta ta ambata ba zaɓi ba ne: tunda kin auna gamma, kin riga kin san yawan elektiron da pozitiron na biyu. Ki ba su B ɗinki ki lissafa rediyon 1.4 GHz. In ya wuce wanda aka auna, B ya yi yawa. Kada ki gwada da ɗaruruwan MHz na ƙasa, gas mai caji na tsakiyar yana shanye su.

In kin zo Tawa hutun Disamba, NGC 253 tana hawa kusan digiri 50 ta kudu bayan isha'i, ƙaramar tabarau mai hangen nesa ta isa in hazo bai sauko ba. M82 sai wajen Maris, digiri 35 ta arewa.

Hadiza_Fizik (Yamai)

Madalla, Allah ya saka da alheri. Na gwada: da B = 200 rediyon ya wuce awo kaɗan, da 150 ya zauna. Zan sake lissafin Alfvén da 150 in kawo teburin f na fashewa 0.05 da 0.1 ku duba.